Babi na Bakwai: Wuƙa da Haske

"Kada ku bari ƙarfe ya taɓa shi." Wannan ce maganar farko da ake faɗa wa dangin mai ciwon daji, wani lokaci tun kafin a ce ya mai jiki. Ana faɗinta a Sakkwato, ana faɗinta a Maraɗi, kuma in ka shiga dubiya a Mai Wurno, kudu da Sinnar a gaɓar Shuɗin Nilu, da Hausar nan za ka ji ta, sai dai a ɗan barbaɗa mata Larabci. Jama'ar da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, sun ɗauko allo da tasbaha, sun kuma ɗauko wanzamansu da ƙahonsu da ƙarfen sakiya da duk abin da suka gada game da cuta. Alhazan ƙafa da guzuri ya yanke musu a hanyar Makka, da 'yan ƙwadagon da auduga ta tsayar bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, kowa da nasa ya zo. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan, maganar ƙarfe tana nan daram a ƙauyuka da kanabin Jazira, wato sansanonin 'yan ƙwadagon gona.

Ni dai ban taɓa yi wa maganar kallon jahilci ba. Tsofaffin da suka kafa ta da idonsu suka ga abu. An kai mace asibiti da ƙullutu a nono, an yi mata aiki, kafin damina ta zagayo an yi mata sutura. Sun ga haka sau ɗaya, sun ga sau goma. Ganin nasu daidai ne, wajen fassara ne aka yi tuntuɓe, kuma sai mun san abin da wuƙar likita take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta sannan za mu gane inda tuntuɓen yake.

Tun farko ma, abin da Bahaushe ke kira daji ya fi abin da likita ke kira kansa faɗi. Gyambon da ya ƙi warkewa daji ne, kumburin da ba a san kansa ba daji ne. A Jazira da Sinnar kuwa masu kama da juna sun yi yawa. Akwai ciwon ƙafar nan da mutanen ƙasar ke kira nabit, wanda ƙwayar cuta ke shiga ta hujin ƙaya, ƙafa ta kumbura tana fitar da tsaba-tsaba. Akwai tarin fuka da ke kama kaluluwar wuya. Akwai ƙullutun nonon 'yan mata mai santsi, mai gudu a ƙarƙashin yatsa, wanda yawanci ba ya da wata illa. Kowanne maganinsa daban. Shi ya sa ƙa'idar farko a wajen likitan daji ita ce ba a magani sai an san sunan cuta, sunan kuwa ba ya fitowa daga taɓawa ko hoto kaɗai. Sai an ɗebi ɗan ƙanƙanin nama da allura ko da wuƙa, abin da a asibitocin Sudan ake ce wa ayyina, an yanka shi ya fi fatar albasa sirantaka, an rina, an duba a madubin likita. Amsar da dangi ke jira a bakin ƙofa kalma ɗaya ce cikin biyu: hamid ko khabis, mai lafiya ko mugu. Ɗaukar ayyina ba ta watsa ciwo. Jinkirin wata uku ana shawarar a yarda ko kada a yarda, shi ke ba ciwo damar watsuwa.

Daji yana farawa ne daga ƙwayar jiki guda da ta ƙi bin doka, ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Kafin ƙullutu ya kai girman ƙwayar gyaɗa, wato wajen santimita ɗaya, ƙwayoyin da ke cikinsa sun kai kimanin biliyan guda. A wannan lokacin yawanci ba zafi, ba zazzaɓi, mace tana tallarta, tana surfenta. Rashin zafin nan shi ne babbar yaudarar ciwon, don mu mutane ne da ba mu zuwa asibiti sai jiki ya kayar da mu. Daga nan ciwon yana da hanyoyi uku: ya ci naman da ke maƙwabtaka da shi, ya bi jijiyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwa mafi kusa, kamar ta hammata ga nono, ko ya faɗa jini ya sauka a ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. A kan waɗannan ukun likitoci suka gina matakan nan da ake ji, na ɗaya zuwa na huɗu, bisa tsarin da wani likitan fiɗa na Faransa, Pierre Denoix, ya fara shimfiɗawa a shekarun 1940. A mataki na ɗaya da na biyu ciwo yana gidansa. A na uku ya shiga maƙwabta. A na huɗu ya yi ƙaura.

To, wuƙa da haske, wato gashin da ake yi wa ciwo da na'ura, duka biyun maganin wuri ne. Inda aka nuna musu nan suke aiki, ba su san abin da ke faruwa a taƙi ɗaya daga wurin ba. Matar nan da aka yi wa aiki ta rasu kafin damina, irin ciwon ya riga ya sauka a hantarta tun tana shafa man da aka tofa wa addu'a, tun ana yi mata sakiya, tun ana jiran a sayar da dawa a samu kuɗin mota. Wuƙa ta zo ta tarar da gida an riga an kwashe kaya. Da yake aikin shi ne abu na ƙarshe da kowa ya gani, shi aka ɗora wa laifi. Daga nan maƙwabciyarta ta ji tsoro, ta ɓoye nata ƙullutun shekara guda, ita ma ta zo a makare, ita ma ta tafi, magana ta ƙara tabbata. Haka camfin ke ciyar da kansa.

Duk wanda ya yi aikin hawasha, wato gonar ban-ruwa, a Jazira ya san dokar ƙarshen kakar auduga. In an gama tsinka, ba a sare kara a bar gindi. Tumɓuke shi ake yi da saiwarsa, a share gona, a tara a ƙone, don kada cutar bana ta kwana a ƙasa ta jira shukar baɗi. Kakannin Hausawan kanabi sun sha wannan aikin har hannuwansu suka yi kanta. Likitan fiɗar daji da irin wannan tunanin yake shiga ɗakin tiyata. Ba ƙullutun kaɗai yake cirewa ba, yakan haɗa da zoben lafiyayyen nama kewaye da shi, ya fito da su a dunƙule ba tare da ya fasa ba. Sai a shafa wa gefen naman tawada a kai wa mai madubi. In ƙwayoyin ciwo ba su taɓa tawadar ba, an ce gefe ya fita tsaf. In sun taɓa, akwai saura a jiki, sai an koma. Sannan ya duba kaluluwar da ruwan wurin ke gangarawa cikinta, don ita ce zangon farko na ciwo in ya tashi tafiya.

A nan ne maganar tsofaffi take da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma ya kamata a faɗe shi. Akwai yankan da ke ɓata lamari. Wanda ya tsaga ƙullutu a wani ɗan ɗaki da allurar kashe zafi, ya ƙwaƙulo abin da hannunsa ya kai, ya jefar da naman bai aika a duba ba, ya ɗinke ya ce an gama, ya yi ɓarna biyu. Ya bar saiwa a wurin da ya riga ya dagula, ya kuma jefar da shaidar da za ta faɗi sunan ciwon. In bayan wata huɗu abin ya dawo a bakin tabo, likitan da zai karɓa aikinsa ya ninka wuya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Aikin farko shi ne damar da ta fi kowace girma, saboda haka tambaya biyu ta wajaba a kan dangi kafin a sa hannu a takarda: an ɗauki ayyina? Kuma naman da za a cire, ina za a kai shi?

Su ma likitocin sun daɗe suna laluben iyakar wuƙa. A 1894 William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana sakamakon aikinsa na cire nono gaba ɗaya, haɗe da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata. Tunaninsa shi ne ciwo yana rarrafe ne daga wuri zuwa wuri, don haka gwargwadon faɗin yanka gwargwadon tsira. Kusan shekara tamanin duniya tana bin wannan, mata suna tashi da ƙirji a rame da hannu a kumbure. Sai Umberto Veronesi a Milan ta Italiya a 1981, da Bernard Fisher a Amurka a 1985, suka nuna da gwaji a kan mata masu yawa cewa in ƙullutu ƙarami ne, cire shi da gefensa sannan a haska sauran nonon yana ba da tsawon rai daidai da cire nonon duka. Abin da ya kashe waɗanda suka mutu ya riga ya bar ƙirji kafin a ɗauki wuƙa, ƙarin yanka ba zai kamo shi ba. Daga nan aka fahimci dalilin haɗa magani uku: wuƙa ta ɗauke abin da ake gani, haske ya bi abin da ya saura a wurin, magungunan da ke zagaya jini, irin su kimawi da ƙwayar tamoksifen, su bi waɗanda suka yi nisa.

Sai dai wannan rangwamen na wadda ta zo da wuri ne. Sankarar mama ita ce kan gaba a cikin dajin matan Sudan, kuma mafi yawansu sai a mataki na uku ko na huɗu suke isowa. A irin wannan hali sau da yawa da kimawi ake farawa don ciwon ya motse, sannan a cire nonon. Akwai kuma wani lissafi da ba ya cikin littattafan Milan. Barin nono alkawari ne cewa za a samu haske bayan aiki. In likita bai da tabbacin na'ura za ta yi aiki, ko matar za ta iya zaman makonni a birni, cirewa gaba ɗaya ta fi aminci. Mace takan rasa nononta saboda nisan ƙauyensu, ko da ciwon nata bai kai a cire ba.

A misalta tsohuwa daga wani ƙauye na gefen Sinja, ɗanta na fari ya kawo ta, likita ya gama bayani da Larabci, ɗan yana juya mata.

"Inna, ya ce bayan aikin sai an yi miki gashi."

"Gashi kuma? Kai ɗan nan, agashe aka mai da ni?"

Dariyar da za a yi a wurin ba ta kawar da tsoron ba. Kalmar da Hausa ta samar wa wannan magani, gashi, ta zo da wuta a cikinta, ga shi kuma asibitin da aka buɗe a Khartum a 1967 domin wannan aiki kowa Asibitin Zarra yake kiransa, sunan da ke tuna wa mutane bam. Gaskiyar lamarin, babu wuta, babu zafi. Mutum zai kwanta a kan gado mai tauri, ma'aikata su daidaita shi da alamomin da aka zana masa a fata, su fita su rufe ƙofa mai kauri suna kallonsa ta allo, na'ura ta juya ta yi ƙara na 'yan mintoci, shi ke nan. Hasken ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ne, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana ratsa jiki ya kakkarya zaren gadon da ke cikin ƙwaya, wato rubutun da take kwafa duk lokacin da za ta rabu biyu. Ƙwayar ba ta mutuwa nan take. Sai ta zo rabuwa ta kasa. Shi ya sa ƙullutu ke ci gaba da motsewa makonni bayan an gama. Wanda aka haska daga waje kuma ba ya ɗauke da komai a jikinsa in ya fito. Ya goya jika, ya ci tuwo a kwano ɗaya da iyali, ba abin da zai sami kowa. Na nanata wannan ne don an sha ware wa masu jinya kwano da tabarma a kan abin da babu shi.

Tambayar da ta fi damun mutumin ƙauye ita ce, in dai mintoci ne, me ya hana a haɗa duka a yi rana ɗaya kowa ya koma gida? Amsar a wurin raguna aka samo ta. A shekarun 1920, a cibiyar radiyom ta Paris, Claudius Regaud ya yi ta gwada hana raguna haihuwa ta hanyar haska marainansu, don ƙwayoyin da ke wurin suna saurin rabuwa kamar na daji. Ya ga in aka ba da hasken a tashi ɗaya, kafin a kai ga biyan buƙata fata ta lalace. In aka rarraba shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, rago ya daina haihuwa, fata kuma ta tsira. Abokin aikinsa Henri Coutard ya ɗauki dabarar ya warkar da masu dajin maƙogwaro da ita. Sirrin shi ne lafiyayyen nama ya fi ciwo iya gyara kansa tsakanin yau da gobe. Kullum aka haska, duka biyun sun ji rauni, kafin wayewar gari mai lafiya ya farfaɗo, mugun bai gama ba, sai a ƙara masa. Ma'aunin hasken sunansa girei, kuma tsarin da aka daɗe a kai shi ne girei 2 a rana, kwana biyar a mako. Nono jalsa 25, wato zaman haske sau 25, cikin mako biyar. Dajin baki da maƙogwaro, irin wanda tumbak ɗin da maza ke cusawa a leɓe ke jawowa, yakan kai jalsa 35 cikin mako bakwai.

Wahalarsa a inda aka haska take. Fatar wurin takan yi duhu, ta bushe, wani lokaci ta saluɓe. Wanda aka haska wa wuya haɗiya za ta yi masa wuya, yawu ya ƙafe. Wadda aka haska wa mara za ta yi gudawa. Gashin kai ba ya zuba sai in kan aka haska. Akwai kuma gajiya. Yawancin wannan yana wucewa cikin 'yan makonni, in dai ba a goga wa wurin toka ko kanwa ko wani haɗi ba, ba a kuma wanke alamomin da aka zana ba. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne haske ya fi cin ƙwayar da ke samun iskar oksijin, don haka mai ƙarancin jini maganin ba ya kama shi yadda ya kamata. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tsargiyar ruwan magudanan ban-ruwa suka riga suka tsotse mutane, ƙarin jini da abinci mai kyau suna cikin maganin.

Dajin bakin mahaifa shi ne inda haske ya fi nuna bajinta. In an kama shi da wuri, fiɗa ta isa. In ya ɗan bazu cikin ƙugu, wuƙa ba ta da gefen da za ta bi, ga mafitsara a gaba, ga hanji a baya. A nan haske ne magani, kuma yana warkarwa sarai. Ana yin na waje wajen mako biyar, tare da ƙaramin kimawi mako-mako, sannan a yi na ciki, inda ake shigar da ɗan bututu mai ɗauke da tushen haske har jikin ciwon, dabarar da ta samo asali daga radiyom ɗin da Marie da Pierre Curie suka gano a 1898. Sharaɗin shi ne a kammala duka cikin mako takwas. In aka wuce, ƙwayoyin da suka tsira sukan ƙara saurin haihuwa, kowace ranar da aka ƙara tana zaftare wani abu daga damar warkewa.

Wannan sharaɗin shi ne inda ilimin Paris ke karo da rayuwar kanabi. A 1999 Cibiyar Daji ta Jami'ar Jazira a Wad Madani ta fara karɓar marasa lafiya, kuma shekaru da yawa ita da ta Khartum ne madogarar kusan ƙasar baki ɗaya, alhali kimanin rabin masu daji suna buƙatar haske a wani mataki na jinyarsu. A ƙa'ida gwamnati ke ɗaukar nauyin maganin. Amma daga Damazin zuwa Madani ya haura kilomita 300, ba tafiyar da za a yi kullum ba ce. Sai an sami gidan ɗan'uwa ko ɗakin haya, sai an sami mai zaman jinya, shi ma ya bar gonarsa. In jalsa ta faɗo a lokacin girbin dawa ko tsinkar auduga, kuɗin shekara ne ake bari a gona. Ga kuma tarkon da ya fi kowanne: a mako na uku jini ya tsaya, ƙullutu ya lafa, fata kuma ta fara ciwo. Mai jinya ta ga ta warke, ta ga maganin ne ma yanzu ke cutar da ita. "Yaya, mu je gida haka nan, na ji sauƙi." Wadda ta tafi a jalsa ta 15 cikin 25 ta sha wahalar gashi, ba ta kwashi ribarsa ba.

Saboda irin wannan nake ganin binciken da ya fi amfanar talakan ƙauye a wannan fanni shi ne na rage kwanaki. Gwaje-gwajen da aka yi a Birtaniya sun nuna girei 40 cikin jalsa 15, mako uku, yana yi wa nono aikin da jalsa 25 ke yi. A 2020 wani gwajin ya nuna jalsa 5 cikin mako guda ta wadatar ga mata da yawa. Turawa sun yi ne don rage layi a asibitocinsu, amma wadda ta bar 'ya'ya shida a Rusairis ita ta fi kowa sanin bambancin mako biyar da mako ɗaya.

Ko da ciwo ya yi ƙaura, wuƙa da haske ba su zama banza ba, manufa ce ta sauya. Ƙashin bayan da daji ya ci, wanda ya hana mutum barci da sujada, jalsa ɗaya tak ta girei 8 takan sauƙaƙa shi. Haske yana tsayar da zubar jini, yana buɗe hanyar abinci ga wanda dajin maƙoshi ya toshe, ciwon da ba baƙo ba ne a Jazira. Likitan kirki yakan faɗa wa dangi ƙarara wanne ake nema, warkewa ko sauƙi, don kada a sayar da saniya da jaki a kan abin da ba zai samu ba, kada kuma a bar mutum yana murƙususu alhali akwai abin yi.

A Jazira ɗin nan aka gwada wata dabara mai arha. Daga 2010, likitocin cibiyar Madani ƙarƙashin Dakta Dafalla Abu Idris sun horar da 'yan mata 'yan sa-kai daga ƙauyukan yankin Kuraimit yadda ake duba nono da hannu, suka bi gida-gida suka duba mata sama da 10,000. An samu masu ciwon tun yana ɗanye, a matakin da wuƙa ke gamawa da shi, yayin da a yankin da aka kwatanta da shi 'yan kaɗan ne suka kawo kansu, su ma a makare. An buga sakamakon a 2013. Ba na'ura aka sayo ba. Matar da ba za ta buɗe ƙirji ga baƙon namiji ba ta buɗe wa 'yar maƙwabta da ta san uwarta. A garuruwanmu, inda kunya da kulle suka fi ƙarfi, ungozoma da malamar Islamiyya da mai kitso sun fi kowane likita kusa da ƙullutun da bai kai gyaɗa ba.

Na'urorin da suka daɗe suna ɗauke da aikin a Sudan na kobal ne, irin waɗanda aka fara amfani da su a Kanada a 1951. Ƙarfe ne ɗan mitsitsi a cikin tukunyar dalma, yana fitar da haske dare da rana. Ba ya son lantarki mai yawa, ba ya saurin lalacewa, shi ya sa ya dace da ƙasa mai ƙura da ɗaukewar wuta fiye da na'urar linak ta zamani, wadda ta fi shi iya saiti amma sai da wuta tsayayya da injiniya a kusa. Aibinsa ɗaya: ƙarfinsa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari kowane wata, ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba, cikin shekara biyar da 'yan watanni ya koma rabi. Jalsar minti biyu ta zama ta huɗu, layi ya ƙara tsawo. Sauya shi kuwa sai da kuɗin waje da izinin ƙasashe, abin da takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 bai sauƙaƙa ba.

Sai kuma abin da ba ya cikin lissafin kowa. Rikicin da ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Khartum tsakanin sojoji da dakarun RSF, Asibitin Zarra ya tsaya, masu jinyarsa suka kwararo Madani. Wata takwas cibiyar Jazira tana ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinta, har dakarun RSF suka shiga garin a Disamba, ba su fita ba sai 11 ga Janairun 2025. Sinja ma ta faɗa hannunsu a tsakiyar 2024. Masu hali suka nufi Marawi can arewa, inda akwai na'ura, ko suka tsallaka Masar. A cikin waɗanda suka fita Madani da ƙafa akwai masu zane a fata, waɗanda suka yi jalsa goma ko sha biyu cikin 25.

Irin wannan mutum in ya isa wata na'urar bayan wata uku, ba a cewa a ɗora daga inda aka tsaya, don ciwon ya riga ya mayar da abin da ya rasa. Ba a kuma cewa a faro daga farko kai tsaye, don lafiyayyen nama ba ya manta hasken da ya sha. Laka da hanji da huhu kowanne yana da iyakar abin da zai ɗauka a tsawon rai, in aka ƙetare ta, shanyewar ƙafafu ko hujewar hanji ke biyo baya. Sabon likita sai ya zauna da alƙalami ya lissafa girei nawa aka bayar, a wane wuri, ta wace kusurwa, cikin kwana nawa, sannan ya san abin da ya rage masa. Abin da zai fara tambaya, kafin ma ya ɗaga riga ya duba, shi ne takardar ayyina da katin da ake sa wa hannu bayan kowace jalsa. Waɗanda suka naɗe su a leda suka cusa a lalita ko a bakin zane ranar gudu, da su ake iya yin wannan lissafin.